Allon Buri da Reshen Gora: Tambayoyi da Amsoshi kan Yadda Yaran Japan ke Rubuta Fatansu

Tambayoyin nan sun fi fitowa daga bakin mutanenmu da karatu ko aiki ya kai Japan, musamman iyayen da 'ya'yansu ke makaranta a can, sai kuma masu ziyara da suka ga tarin alluna a rataye suka rasa gane kansu. An fara da masu sauƙi, sannan aka gangara zuwa waɗanda suka fi damun iyaye.

Mene ne waɗannan ƙananan allunan katako da ake gani a rataye a wuraren bautar Japan?

Sunansu ema. Katako ne shafaffe da bai kai rabin allon ɗan makarantar allo ba, samansa a karkace gefe biyu kamar jinkar ɗaki, da 'yar igiya ta ratayewa. Fuska ɗaya akwai zane, ɗayar kuma fili ne da aka bari don rubutu. Mutum zai saya a tagar da ke cikin harabar, galibi tsakanin yen (kuɗin Japan) 500 zuwa 1,000, ya rubuta abin da yake fata, ya rataye a wani katako da aka tanada, inda allunan wasu suka riga suka taru a kan juna.

An fi ganinsu a jinja, wato wuraren bautar addinin Shinto, waɗanda yawansu ya kai kusan 80,000 a faɗin ƙasar. Ana gane jinja da ƙofar nan mai ginshiƙi biyu da sanduna a gicciye da ake kira torii. Haikalan addinin Buddha da yawa su ma suna da nasu allunan, domin addinan biyu sun shafe ƙarnoni a cakuɗe kafin gwamnati ta raba su a 1868. Wanda ake nufi da saƙon shi ne kami na wurin, wato abin da ake bauta wa a nan, ko ruhin dutse ne, ko na ruwa, ko na wani mutum da ya shahara ya mutu.

Su ne takardun nan masu launi da yara ke ɗaurawa a jikin gora?

A'a, kuma nan ne baƙo ya fi ruɗewa. Abubuwa uku ne daban. Ema katako ne, ana samunsa duk shekara, kuma a wurin bauta kaɗai ake rataye shi. Takardun masu launi sunansu tanzaku, na Tanabata ne, wani bikin taurari da ake yi ranar 7 ga Yuli, kuma za ka gan su a makarantun renon yara, da kantuna, da tashoshin jirgin ƙasa, da cikin gidaje, har da wasu wuraren bauta. Mafi yawan yaran Japan da tanzaku suke fara rubuta buri, tun kafin su taɓa riƙe ema.

Na uku su ne fararen takardun da ake naɗewa a ƙulla a jikin igiya ko reshe. Waɗannan omikuji ne, takardun duba. Ba mutum ne ke rubuta su ba. Cira yake yi ya karanta abin da aka ce zai same shi, in bai yi masa daɗi ba ya ƙulle ta ya bar ta a nan. Bambancin nan yana da amfani ga iyaye, kamar yadda za a gani a tambayoyi biyu na ƙarshe.

Me ya sa ake yawan zana doki a jikin allon?

Domin da doki aka fara. Mutanen Japan na dā sun ɗauka kami a kan doki suke tafiya, don haka mai neman biyan buƙata sai ya kai doki mai rai. An fi ba da labarin Kifune, wani wurin bauta a tsaunukan arewacin Kyoto, inda fada ke aika baƙin doki idan ana neman ruwan sama, ta aika fari idan ruwan ya yi yawa ana so ya ɗauke. Doki kuwa ba abin talaka ba ne, kuma ko wurin da aka kai wa sai ya ji nauyin ciyar da shi. Sai aka koma dokin yumɓu da na katako, daga baya aka tsaya ga zanen doki a kan allo. Sunan ema ma abin da yake nufi ke nan: hoton doki. Masu tono kayan tarihi sun samo irin waɗannan alluna na zamanin Nara, wato tsakanin 710 zuwa 794.

A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, ƙaramin allo ya zama na kowa, zane ya bar doki ya koma duk abin da ya shafi buƙatar mai shi. A wannan zamanin ne ma wasu masu sha'awar lissafi suka riƙa rataye manyan alluna da ake kira sangaku, ɗauke da matsalolin da'ira da alwatika, wani lokaci har da ƙalubale ga duk mai wucewa ya warware. Yanzu kowane wuri da nasa salon. Fushimi Inari a Kyoto na da allo mai siffar fuskar yanyawa, mai saye ya zana mata ido da baki yadda ya ga dama, kuma yara na son wannan ƙwarai. Kasuga a garin Nara na da na barewa. A farkon shekara kuma ana fito da mai ɗauke da dabbar shekarar, domin a lissafinsu kowace shekara da dabbarta: maciji a 2025, doki a 2026.

Me yaran suke rubutawa?

Ya danganta da shekaru. Ɗan shekara uku ko huɗu bai iya rubutu ba, sai malama ko uwa ta tambaye shi ta rubuta masa, shi kuma ya yi zanensa a gefe. A nan ake samun masu son zama jarumin katun ɗin talabijin, da masu son tuƙa jirgin ƙasa, da masu son buɗe shagon kek. Daga shekara biyar zuwa shida yaro ya fara kama hiragana, baƙaƙe 46 da ake fara koyo da su, sai ka ga rubutu a karkace, wani harafin ma a juye, ana fatan iya ninƙaya ko tuƙa keke, ko kaka ta samu lafiya. Jimlar kusan kullum da kalmomi iri ɗaya take ƙarewa, "masu yō ni", wanda ya yi daidai da a ce "da fatan ya kasance haka".

Da an girma kaɗan sai batun ya koma biyu: gasar wasanni ta makaranta da jarrabawa. Jarrabawar ce ta fi rinjaye nesa ba kusa ba. Ɗalibi kan rubuta sunan makarantar da yake nema ƙarara, wani har da sashen. A ganina wannan ne ya fi bayyana al'adar: rabinta roƙo ne, rabinta kuma alkawari ne da yaro ya ɗaukar wa kansa a inda kowa zai iya karantawa.

Me ya sa ɗalibai ke tururuwa zuwa wasu wurare na musamman, ba kowane jinja ba?

Saboda wani mutum mai suna Sugawara no Michizane, wanda ya rayu daga 845 zuwa 903. Malami ne, mawaƙi, kuma ya kai matsayin ɗaya daga cikin manyan waziran fadar Kyoto ta hanyar iliminsa, a lokacin da gidan Fujiwara ke riƙe da kusan komai. Aka ƙulla masa sharri, a 901 aka rage masa muƙami aka tura shi Dazaifu, can tsibirin Kyushu, inda ya rasu bayan shekara biyu cikin ƙunci. Bayan mutuwarsa sai masifu suka yi ta afkuwa: waɗanda suka yi masa makirci suka riƙa mutuwa, 'ya'yan sarki suka rasu, sannan a 930 aradu ta faɗa cikin fada ta kashe wasu manyan fadawa. Fada ta yanke cewa fushinsa ne. Aka mayar masa da muƙamansa bayan ransa, aka gina masa wurin bauta a Kitano cikin Kyoto a 947, aka kira shi Tenjin.

Da tafiya ta yi nisa sai tsoron ya gushe, abin da ya rage a zukatan mutane shi ne iliminsa. A zamanin Edo makarantun unguwa da ake kira terakoya, inda 'ya'yan talakawa ke koyon karatu da rubutu da lissafi, suka ɗauke shi a matsayin majiɓincin masu neman ilimi. Yau akwai wurare kusan 12,000 da ke ɗauke da sunansa. Uku sun fi shahara: Dazaifu Tenmangu a Fukuoka, wanda aka gina a kan kabarinsa, Kitano Tenmangu, da Yushima Tenjin a Tokyo, 'yar tafiyar ƙafa daga Jami'ar Tokyo. A Yushima, idan lokacin jarrabawa ya zo, allunan kan yi tulin da sai an lalubo inda za a saƙala sabo.

A irin waɗannan wurare za ka ga mutum-mutumin sa a kwance, kansa ya yi sheƙi saboda shafa, domin ɗalibai na shafa kansa su shafa nasu da fatan kaifin basira. Wasu wuraren kuma suna sayar da allo mai kusurwa biyar, don a Japananci kalmar "kusurwa biyar" da kalmar "cin jarrabawa" sun kusa zama ɗaya a furuci.

Wane lokaci ne aka fi rubutawa?

Daga Disamba zuwa Fabrairu. Shekarar karatu a Japan tana farawa ne a Afrilu ta ƙare a Maris, don haka jarrabawowin shiga makaranta duk a cikin sanyi suke faɗowa. Jarrabawar bai-ɗaya ta shiga jami'a ana yin ta a tsakiyar Janairu. A Tokyo, makarantun sakandare masu zaman kansu suna fara tasu ranar 1 ga Fabrairu, masu zaunawar kuma yara ne 'yan shekara 11 zuwa 12 da suka shafe shekaru suna zuwa darasin yamma. Wannan ya haɗu da hatsumode, ziyarar farko ta sabuwar shekara zuwa wurin bauta, wadda iyalai ke fita gaba ɗaya. Meiji Jingu da ke Tokyo kaɗai kan karɓi mutum kusan miliyan 3 a kwana ukun farko na Janairu.

Akwai kuma Shichi-Go-San a wajejen 15 ga Nuwamba, lokacin da ake kai 'yan mata masu shekara 3 da 7 da maza masu shekara 5, a wasu gidajen har da masu 3, cikin kayan gargajiya don godiya da neman lafiya. A nan iyaye ne suka fi yin rubutun, yaron kuma hankalinsa na kan doguwar alewar da ake ba shi.

Daga ina bikin Tanabata ya samo asali, kuma me ya haɗa shi da rubutu?

Daga ƙasar Sin ya shigo, ya isa fadar Japan a ƙarni na 8. Tatsuniyar ta taurari biyu ce: Orihime masaƙiya da Hikoboshi makiyayi, waɗanda masana taurari ke kira Vega da Altair. Sun yi aure, soyayya ta ɗauke musu hankali, ita ta bar saƙa shi ya bar shanu suna yawo. Uban yarinyar, sarkin sama, ya fusata ya raba su, ya sa kogin taurarin nan da ke ratsa sama a tsakaninsu, ya ce sau ɗaya a shekara za su haɗu, daren bakwai ga wata na bakwai, in sun riƙe aikinsu. Wasu tsuntsaye masu fari da baƙi, dangin hankaka, su ke shimfiɗa fikafikai su zama gada.

Tun da tauraruwar masaƙiya ce, abin da ake roƙo a asali shi ne ƙwarewar hannu: saƙa, ɗinki, kiɗa, waƙa, kyawun rubutu. 'Yan fada kan tara raɓar da ta kwana a ganyen gwaza su dama tawada da ita, su rubuta baitoci a ganyen wani itace da ake kira kaji. Da bikin ya sauko cikin gari a zamanin Edo, yaran terakoya suka maye ganye da takarda, burinsu kuma shi ne hannunsu ya yi kyau. Saboda haka har yau tsofaffi kan ce wa yaro ya rubuta abin da yake so ya iya, ba abin da yake so a saya masa ba. Ba kowane yaro ke jin wannan ba. Launukan takardun biyar ne bisa tsarin Sinawa: shuɗi ko kore, ja, rawaya, fari, da baƙi wanda aka fi musanya shi da shunayya.

To me ya sa wasu garuruwa ke yin Tanabata a Agusta?

Kalanda ce ta canja. A 1873 Japan ta bar lissafin wata ta koma kalandar Turawa, sai "bakwai ga wata na bakwai" ya matso gaba da kusan wata guda, ya faɗo cikin damina, lokacin da gajimare ke rufe taurarin a yawancin ƙasar. Wasu garuruwa suka zaɓi jinkirtawa. Mafi girma shi ne na Sendai, daga 6 zuwa 8 ga Agusta, inda ake rataye manyan kayan ado na takarda a dogayen gora a titunan kasuwa. Makarantu dai sun tsaya ga Yuli, tunda a Agusta ana hutu.

Akwai ƙa'idar rubutawa? Dole ne a sa suna?

Ba ta da tsauri. Ana rubutu a fuskar da ba zane, daga sama zuwa ƙasa ko a kwance, da alƙalamin da ruwa ba ya wanke tawadarsa, tunda allon a waje zai kwana. Yawancin wurare suna ajiye irinsa a kan tebur. An fi son buri ɗaya a allo ɗaya. Ba a hana wani harshe ba, kuma a manyan wuraren Tokyo da Kyoto za ka ga rubutun Koriya da Sin da Turai a cakuɗe.

A dā ana sa cikakken suna da adireshi, wai don kami ya san mai roƙon. Yanzu da kowa ke riƙe da waya mai kyamara mutane sun ja baya: wasu harafin farko na suna kawai suke sawa, ko sunan lardi, wasu wuraren kuma suna ba da sitika a manna a rufe rubutun. Karanta allunan da ke fili ba laifi ba ne a wurinsu, amma juya na wani don a leƙa, ko ɗaukar hoton da sunan yaro da makarantarsa suka fito a saka a intanet, rashin ladabi ne, kuma yana iya jefa yaron cikin haɗari. Mai son hoto ya ɗauka daga nesa.

Ina allunan suke zuwa idan wuri ya cika?

Ƙona su ake yi. Masu kula da wurin suna kwashewa lokaci-lokaci su sa a wuta cikin wani biki da ake kira otakiage, bisa imanin cewa hayaƙin na kai saƙon sama. Goran Tanabata a dā kogi ko teku ake kai shi washegari ruwa ya tafi da shi, amma dokokin tsabtar muhalli sun sa an bar wannan a mafi yawan wurare. Makaranta kan raba wa yara reshen su tafi da shi gida, ko a kai takardun wani jinja a ƙona.

Akwai wata wutar da ta shafi yara kai tsaye. A farkon Janairu ɗalibai kan yi kakizome, rubutun farko na shekara da burushi da tawada, wanda sau da yawa ƙudurin yaro ne na shekarar, kuma aikin gida ne na hutun sanyi a makarantu da dama. Wajen 15 ga Janairu ana hura babbar wuta a unguwa don ƙona kayan adon sabuwar shekara, sai a jefa wannan rubutun ciki. In tokar takardar ta tashi sama sosai, sai a ce hannun mai ita zai yi kyau. Wanda kuma ya ci jarrabawarsa ana sa ran ya koma inda ya rataye allo ya yi godiya, abin da suke kira orei-mairi.

Da gaske sun yi imani da cewa allon zai yi aiki?

Amsar ba ɗaya ba ce. Idan aka tambayi Japanawa, mafi yawansu kan ce ba su da wani addini. Amma idan aka haɗa alƙaluman mabiya da ƙungiyoyin addini ke miƙa wa gwamnati, jimillar kan zarce yawan mutanen ƙasar gaba ɗaya, domin mutum ɗaya na iya shiga lissafin Shinto da na Buddha a lokaci guda. Ga da yawansu, zuwa jinja abu ne da ake yi idan lokacinsa ya zo, ba tare da an tsaya tambayar kai mene ne aka gaskata ba. Su da kansu suna da karin magana da ke zolayar mai tuna kami sai ya shiga uku.

Abin da ba za ka gani ba shi ne yaron da ya rataye allo ya ajiye littafi. Daga harabar wasu ke wucewa darasin yamma. Wannan bai cire abin daga zama ibada a asalinsa ba, ko da mai yin bai ɗauke shi da nauyi ba (duba amsar farko kan wanda ake nufi da saƙon).

'Yata ta dawo daga makaranta da tanzaku an ce mu rubuta. Mu Musulmi ne, yaya za mu yi?

Da farko a gane yadda makarantar ke kallon abin. Tsarin mulkin Japan na 1947, a sashe na 20, ya hana hukumomin gwamnati koyar da addini, ya kuma ce ba za a tilasta wa kowa shiga wani aikin ibada ba. Malamai suna ɗaukar Tanabata a matsayin aikin hannu na wannan watan, da yanka takarda da manna ta da koyon rubutu, kuma da yawansu ba su taɓa tunanin wani zai ga addini a ciki ba. Ba da wata manufa aka ba 'yarki takardar ba.

Iyaye sun kasu. Wasu suna barin yaro ya rubuta abin a matsayin niyya, kamar "zan dage in iya ninƙaya", ba tare da siffar roƙo ba, su kuma bayyana masa a gida cewa Allah kaɗai ake roƙo. Wasu suna ganin asalin bikin roƙon taurari ne, don haka gara a nisance shi gaba ɗaya, a nemi a ba yaron wani aikin. Hukuncin na malamai ne, a tambayi wanda aka amince da iliminsa, a kuma yi masa cikakken bayanin da ke amsar asalin Tanabata a sama don ya san abin da yake amsawa a kai. Duk wanda aka zaɓa, a sanar da malamar aji tun cikin Yuni ta littafin saƙon da ke zirga-zirga tsakanin gida da makaranta. Makarantun Japan sun fi sauƙin kai idan an faɗa musu da wuri, kamar dai yadda ake yi da batun abincin rana.

Idan makaranta ta kai su yawon buɗe ido zuwa jinja fa?

Zai faru, domin 'yan ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare da dama Kyoto da Nara ake kai su, kuma tunda jarrabawa na gabansu, Kitano Tenmangu na cikin wuraren da suka fi zuwa. Shiga haraba da kallon gini da jin tarihi abu ne daban da abin da ake yi a gaban ɗakin bautar, wato jefa kuɗi a akwati, rusunawa biyu, tafi biyu, rusunawa ɗaya. Wannan, da rataye ema, da cirar omikuji, da sayen layar da suke kira omamori, duk ayyuka ne da aka nufi kami da su, kuma iyali Musulmi ko Kirista da ke son 'ya'yansu su ƙaurace musu suna da cikakken 'yancin haka.

A shirya yaro tun a gida: ya san waɗanne ne zai bari, ya kuma san yadda zai ce wa abokansa addininsa bai yarda ba ba tare da ya raina nasu ba. Ya tsaya gefe cikin natsuwa har su gama. A rubuta wa malamin da zai jagoranci tafiyar tun lokacin da aka aiko takardar neman izinin iyaye, a haɗa da batun abinci da wurin salla, tunda tafiyar kan ɗauki kwana biyu zuwa uku.